Yadda Za Ka Saita Cen ɗin Babur da Hannunka

Idan ka fara jin kacau-kacau ta wajen ƙafarka ta hagu duk sanda ka faɗa gargada, ko babur ya riƙa fizgarka in ka saki totur ka sake murɗawa, to cen ne ya saki. Masu rubutu kan ce sarƙa, amma a bakin makanikai da 'yan acaɓa cen ne, don haka da shi zan ci gaba. Saita shi aikin minti ashirin ne ga wanda hannunsa ya saba, kuma kayan aikinsa ba su wuce sifana uku ko huɗu da filaya ba. Wahalarsa guda ce, sanin inda za ka tsaya, domin yawancin ɓarnar da na gani a wannan wuri masu ƙwazon ɗaurewa ne suka yi ta.

Ni kaina da kuɗina na sayi wannan karatun. Shekarun baya na tsaya wurin wani mai gyara a bakin titi, maigidan ba ya nan, sai yaronsa. Na ce masa, "Samari, ɗaure min cen ɗin nan, ya dame ni da ƙara." Yaro ya ɗauki magana yadda na faɗe ta, ya ja shi har ya koma kamar tsirkiyar garaya. Na taɓa na ji shi gam, raina ya yi fari, har na ƙara masa wani abu a kan kuɗin aiki. Washegari na ɗora buhun masara, ƙanena ya hau, muka kama hanyar ƙauye. Ba a rufa wata ba baƙin mai ya fara ɗiga ta gindin ƙaramin sufuroket, wato faifan nan mai haƙora da ke jan cen daga jikin inji, ga wani gurnani da ke tashi in na ɗan taka. Ashe boris ɗin da ke cikin inji ne, wato zoben da sandar sufuroket ke juyawa a cikinsa, ya tafi, shi kuwa ba a kai gare shi sai an raba inji gida biyu. Ban ga laifin yaron sosai ba, ni na ce ya ɗaure.

Dalilin da ya sa ake bar wa cen wasa

Tsuguna a gefen hagun babur ka duba da kyau. Wurare uku za ka lura da su: ƙaramin sufuroket da ke jikin inji, sai doguwar ƙusar da hannun ƙarfen nan mai riƙe da tayar baya yake lilo a kanta, sai aksul ɗin tayar baya, wato sandar ƙarfen da ta ratsa tsakiyar taya. Hannun a kan ƙusarsa yake juyawa, ita kuma tana ɗan bayan ƙaramin sufuroket. Saboda wannan 'yar tazarar, duk sanda shokozoba ta nutse, nisan da ke tsakanin sufuroket na gaba da na baya sai ya canza. In babur ba kowa a kansa, hannun yana karkace ƙasa, cen a sake yake. Da ka hau, ka ɗauki mutum, ka ɗora kaya, sai hannun ya miƙe. Lokacin da wuraren nan uku suka zo kan layi ɗaya, a nan cen ya fi ɗaurewa. Wasan da kake gani babur yana tsaye guzuri ne da aka ajiye wa wannan lokacin.

In ka cinye guzurin tun babur yana fanko, to kowane rami da ka faɗa cen zai fizgi sandar da ƙaramin sufuroket ke kai da dukan nauyinka da na kayanka. Boris ɗin sandar ne ke fara shan wuya, sai robar da ke tare mai, sai boris ɗin tayar baya. Cen ɗin ma miƙewa zai yi da wuri, ka koma ka ƙara ɗaurewa, ka ƙara kashe shi. Sakewa da yawa ita ma da nata sharrin: cen yana dukan murfinsa, yana cin hannun ƙarfe, yana tsallake haƙori in ka ja da ƙarfi, wata rana ya zame gaba ɗaya. In ka yi sa'a ya faɗi a titi ka tura babur. In ba ka yi ba ya naɗe a gindin sufuroket ya kulle tayar baya kana cikin gudu, ko ya tattaru a gaba ya fasa jikin inji. Duk da haka, in an ce lallai sai na yi kuskure ɗaya, gara ya ɗan fi sakewa da milimita biyar da ya ɗan fi ɗaurewa da milimita biyar.

Nawa ne wasan da ake so? Ƙananan baburan da suka cika titunanmu daga Kano zuwa Maraɗi, irin su Boxer na kamfanin Bajaj, da Jincheng, da Haojue, da TVS, galibinsu tsakanin milimita 20 zuwa 30 ne, wato santimita biyu zuwa uku. Baburan jeji masu dogayen shokozoba suna son fiye da haka, daga 35 har 50, saboda tayarsu tana hawa da sauka da nisa. Amma adadin babur ɗinka shi ne alƙali. Duba littafin da ya zo da shi, in kuwa ya ɓata kamar na yawancinmu, duba jikin hannun ƙarfen ko murfin cen, kamfanoni da yawa suna manna 'yar takarda mai ɗauke da adadin a wurin.

Kafin ka taɓa ko noti ɗaya

Tanadi sifanar da ta dace da notin aksul, yawanci lamba 17, 19 ko 22 ce, da wata da za ka riƙe kan aksul ɗin ta ɗaya gefen. Sai ƙanana guda biyu na ajasta, wato abin da ke matsar da taya baya don cen ya ɗaure, lamba 10 ko 12. Sai filaya, tsumma, alli, tsohon buroshin haƙori, kananzir kaɗan, da man da za ka shafa. Ga babban noti ka nemi sifana mai zobe, mai buɗaɗɗen baki tana zamewa ta cinye kan noti, ta haɗa da bayan hannunka. Na awo kuwa, rular ɗan makaranta ta isa. Ni wani guntun kara na yanka, na yi masa tsaga uku: ta farko, ta biyu a milimita 20, ta uku a 30. Yana cikin akwatin kayan gyara tun tuni.

Nemi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, kada ka yi a kan rairayi. Kafe babur a ƙafarsa ta tsakiya yadda tayar baya za ta tashi daga ƙasa, ka sa giya a firi, ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihu. Wannan zare makullin ba tsarabe-tsarabe ba ne. Akwai masu tayar da inji su sa giya ɗaya don taya ta riƙa juyawa da kanta suna goge cen da tsumma. Tsumman ne sufuroket ke fara kamawa, yatsu su bi baya, kuma ba ya mayar da abin da ya karɓa. Da hannu ake juya taya, ba da inji ba. In daga tafiya ka dawo, ka ba salansa lokaci ta huce.

In cen ɗinka a rufe yake ruf cikin murfi, akwai 'yar ƙofa a murfin ƙasa da aka toshe da roba. Ɓalle robar, ta nan ake awo. Amma in ka daɗe rabonka da ganin cen ɗin da idonka, kwance murfin gaba ɗaya, notina uku ko huɗu ne kawai.

Wanke shi tukuna. Cen ɗin da laka da ƙura suka daskare a jikinsa ƙarya yake yi wa ma'auni, zai nuna maka ya ɗaure alhali datti ne ya riƙe gaɓoɓinsa. Tsoma buroshi a kananzir ka bi shi gaɓa-gaɓa kana juya taya, sannan ka goge da tsumma.

Yanzu sai ka tambayi kanka ko wannan cen ɗin ma ya cancanci a saita shi. Je bayan babban sufuroket, daidai wurin da ya fi kusa da lambar babur, ka kama gaɓa ɗaya ka ja ta baya. Cen mai lafiya da ƙyar zai motsa. In ya ɗago har ka ga rabin haƙori a fili, ko haske yana wucewa tsakaninsa da sufuroket, ya gama aiki. Duba haƙoran su ma: lafiyayyu kansu a ɗan faɗaɗe yake, gefe da gefe daidai. Waɗanda suka ci sun yi tsini ko sun lanƙwashe gefe guda kamar bakin lauje. Juya taya a hankali ka ga ko akwai gaɓar da ta ƙage ba ta miƙewa in ta fito daga sufuroket, ko jan gari kamar tsatsa yana fita daga tsakanin gaɓoɓi.

Mai son tabbaci da lissafi ga hanya. A jikin faifan gaɓoɓin akwai lamba da aka buga, ƙananan babura galibi 420 ko 428, manya 520, 525 ko 530. Lambar farko ita ce ke faɗin tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa: mai farawa da 4 milimita 12.7 ne, mai farawa da 5 kuwa 15.875. To a cen mai lamba 420 ko 428, gaɓa 20, wato daga tsakiyar ƙusa ta 1 zuwa tsakiyar ta 21, milimita 254 ne yana sabo. Miƙe shi sosai ka auna. In ya kai wajen 259, ya ƙaru da kashi biyu cikin ɗari ke nan, lokacin canji ya yi. Mutane kan ce cen ya "ja", amma ƙarfen bai ja ba. Ƙusoshin ciki ne da ramukansu suka cinye, kowace gaɓa ta ɗan ƙara tsawo, suka taru suka yi yawa. Shi ya sa ba wata dabara da ke mayar da shi.

Awo

Cen ba ya cinyewa daidai wa daida, sufuroket ma ba kowanne ne yake zagaye cif ba. Saboda haka akwai wurin da cen ya fi ɗaurewa, akwai wurin da ya fi sakewa, kuma wannan ne tarkon da ya fi kama mutane. Sa yatsa a ƙarƙashin layin cen na ƙasa, daidai tsakiyar tazarar da ke tsakanin sufuroket biyun. Tura sama ka ji. Juya taya kaɗan, ka sake turawa. Ci gaba da haka har cen ya zagayo gaba ɗaya, wuri biyar ko shida aƙalla. Inda ka ji ya fi tauri, tsaya, ka shafa alli a gaɓar da ke kan yatsanka. Duk awon da za ka yi daga yanzu a wannan wurin ne. In ka saita a inda ya fi sakewa, da wurin taurin ya zagayo zai zama tsirkiya, ka riƙa jin babur yana wuu-wuu-wuu kamar mai numfashi.

Tsayar da rula a bayan cen, gindinta a ƙasa ko ka dafe ta da jikin hannun ƙarfe don kada ta motsa. Danna cen ƙasa da yatsa ɗaya, ka karanta inda tsakiyar ƙusar gaɓar ta tsaya. Tura shi sama, ka sake karantawa a kan ƙusar dai. Bambancin shi ne wasan. Ƙarfin yatsa ɗaya ya wadatar, ba kokawa ake yi ba. In ka samu yana cikin iyaka, rufe kayanka ka shafa mai ka tafi, kada ka taɓa abin da bai lalace ba. In kuma bambancin wuri mai tauri da wuri mai sakewa ya yi yawa, har ya zama in ka gyara ɗaya ɗayan ya fita daga iyaka, to wannan cen ɗin ba ya saituwa, sai sabo.

Sassautawa

In notin aksul yana da 'yar ƙusa mai ƙafa biyu da ta ratsa shi, miƙe ƙafafunta da filaya ka zare ta. Riƙe kan aksul da sifana ɗaya, ka sassauta notin da ɗayar. Juyi ɗaya ko biyu ya isa. So ake aksul ya iya zamewa in ajasta ta ja shi, ba ya riƙa yawo da kansa ba.

Ƙananan babura da yawa masu birkin ganga suna da wani babban noti na biyu a gefen sufuroket, wanda ke riƙe da mazaunin sufuroket ɗin daban da aksul. In naka yana da shi, sai ka sassauta shi shi ma, in ba haka ba za ka yi ta murɗa ajasta taya ba ta motsi har haƙoran ajastar su cinye. Na ga wanda ya tsinke ta ƙarfi da yaji saboda wannan notin.

Koma gefen dama. Sandar birki tana da noti a ƙarshenta, mayar da shi baya juyi uku ko huɗu, domin in taya ta ja baya sandar za ta ɗaure, birki ya kama da kansa. Akwai kuma wani ƙarfe da ke riƙe da faifan birki don kada ya juya tare da taya, ɗan sassauta notinsa shi ma. Daga nan sai ƙananan notinan kulle da ke kan ajasta biyun, hagu da dama.

Jan taya

Ajasta iri-iri ce. Wadda ta fi yawa a ƙananan babura zobe ce da aksul ya ratsa, da wutsiya mai haƙora da ta fito ta ƙarshen hannun ƙarfe. In ka ɗaure notinta, wato ka juya shi yadda hannun agogo ke tafiya, sai ta jawo taya baya, cen ya ɗaure. Akwai wadda ƙusa ce a gaban aksul, ita kuma in ka warware ta ne take tura shi baya. Wasu baburan jeji faifai ne da su mai kama da dodon koɗi, da lambobi a jiki, sai ka tabbatar lambar hagu da ta dama ɗaya ce. Ko wace iri ce, ƙa'idar ba ta canzawa: abin da ka yi wa hagu, shi za ka yi wa dama.

A nan ne ake son haƙuri, ga dalili. Tazarar sufuroket biyun a ƙaramin babur wajen rabin mita ce. A irin wannan tsawon, in aksul ya ja baya da milimita ɗaya tak, wasan da yake milimita 50 zai iya dawowa wajen 25. Milimita ɗaya kuwa juyi guda ne na notin ajasta, ko ma bai kai ba. Ka ga wanda ya zage ya yi juyi uku a jere ya riga ya wuce wurin tun tuni. Noti fuska shida ne da shi, to da fuska ake ƙirga. Shafa alli a fuska ɗaya don kada ka rikice. Juya na hagu fuska ɗaya, je dama ka juya fuska ɗaya, dawo ka auna a wurin allinka. Bai isa ba, ƙara fuska ɗaya-ɗaya. Kuma ka sani, gwargwadon yadda cen ke ƙara ɗaurewa, gwargwadon yadda kowace fuska ke ƙara cin wasan da yawa, don haka juyin ƙarshe shi ya fi haɗari.

Kada ka nufi ƙasan iyaka. In an ce 20 zuwa 30, tsaya a wajen 28 ko 30, saboda ɗaure notin aksul yakan ɗan ƙara jan cen. Mai ɗaukar kaya da fasinja biyu kullum ya fi kowa buƙatar zama a saman iyakar.

In ka wuce gona da iri, warware notinan biyu daidai da juna, sannan ka tsaya a bayan babur ka bugi tayar baya da tafin hannu ko da ƙafa don ta matsa gaba. Ajasta mai zobe ja kawai ta iya, ba ta turawa. In ba ka buga ba, noti zai saki amma taya tana nan inda take, sai ka hau hanya ta zame da kanta.

Daidaiton taya

A jikin hannun ƙarfe, kusa da aksul, akwai 'yan tsage-tsage a jere, ajasta kuma tana da tsaga ɗaya ko baki da ke nuna inda aka tsaya. Ƙirga daga gaba: in hagu tana kan tsaga ta uku da rabi, dama ma ta zama a ta uku da rabi. Sai dai ba na ba tsagogin nan amana ɗari bisa ɗari, musamman a babur ɗin da ya taɓa faɗuwa ko aka canza masa ajasta da ta kasuwa. Abin da ya fi tabbas shi ne ka auna daga tsakiyar doguwar ƙusar hannun ƙarfe zuwa tsakiyar aksul a gefe biyun, da igiya ko da waya miƙaƙƙiya. In salansa ta tare maka, tsuguna a bayan babur ka rufe ido ɗaya ka bi layin cen na sama da kallo. Ya kamata ya fita daga babban sufuroket ya miƙe ɗoɗar zuwa gaba. Juya taya ka duba ko haƙoran suna shiga tsakiyar gaɓoɓi ko suna gogar gefe guda. Sufuroket ɗin da gefensa ɗaya ke ƙyalli kamar an goge shi da yashi yana faɗa maka taya ta daɗe a karkace. Irin wannan babur yakan ja gefe in ka sassauta hannu, ya cinye taya ɓari guda, kuma cen ɗinsa ba ya daɗewa.

Ɗaurewa

Kafin ka ɗaure, tabbatar aksul ya jingina da ajasta sosai. Dabarar ita ce ka ninke tsumma ka sa tsakanin cen da haƙoran babban sufuroket, ka juya taya a hankali har tsumman ya shige ya cije. Cen zai ɗaure ya jawo aksul gaba ya zauna daram a kan ajasta biyun. Yana haka sai ka fara da notin mazaunin sufuroket in akwai, sannan notin aksul. In birkin ganga ne, sa wani ya taka birki yayin da kake ɗaurewa, hakan na sa faifan birki ya zauna a tsakiya. Ɗaure da ƙarfin hannu sosai, amma kada ka zura bututu a sifana ka hau kai da ƙafa, haƙoran aksul ba su da wannan ƙarfin. Mai sifanar awon ƙarfi ya bi adadin da ke littafinsa. Juya taya baya ka cire tsumman.

Sa sabuwar ƙusa mai ƙafa biyu ka buɗe ƙafafunta. Tsohuwar da aka lanƙwasa sau biyu sau uku karyewa take yi, kuma ƙusar da ake buga wa katako ba madadinta ba ce. In ramin bai zo daidai da tsagar noti ba, ƙara ɗaurewa kaɗan har ya zo, kada ka sassauta don ka same shi. Ɗaure notin ƙarfen da ke riƙe da faifan birki, ka mayar masa da tasa ƙusar in ka zare ta. Sannan ka ɗan matse notinan ajasta su zauna, ka riƙe kowanne da sifana ɗaya ka kulle shi da na bayansa.

Sake awo a wurin alli, sannan ka zagaya da taya ka taɓa ko'ina. In ya fita daga iyaka, babu gajeriyar hanya, sassauta ka sake.

Saura birki, wanda mutane da yawa ke mantawa. Mayar da notin sandar birki har feda ta riƙa sauka milimita 20 zuwa 30 kafin birki ya kama. Juya taya ka saurara, kada ka ji tana gogar wani abu. Kunna makulli ka taka ka ga fitilar birki tana kamawa a kan lokaci. Mai birkin faifai a baya ba ya da wannan aikin, sai dai ya taka feda sau biyu sau uku ya ji ta yi tauri kafin ya hau.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na ƙarshe. Sauke babur daga ƙafar tsakiya, ka kira mutum biyu masu nauyi su hau, ko ka ɗora irin kayan da ka saba ɗauka, kai kuma ka tsuguna ka taɓa cen. Dole ka same shi da sauran wasa, ko da na kaurin yatsa ne. In ya zama sanda, to awon littafi bai ishe ka ba, ƙara masa sarari. Da na yi wannan gwajin ranar buhun masara, da ban buɗe inji ba.

Mai, ƙura da murfi

Cen ɗin da babu roba a gaɓoɓinsa, wanda shi ne a yawancin ƙananan babura, man giya mai lamba 80 ko 90 ya fi dacewa da shi. Ɗiga shi ta cikin cen, wato a saman layin ƙasa, kana juya taya da hannu, domin in cen yana gudu mai waje yake fita, sai ya ratsa gaɓoɓin a hanyarsa. Ba shi 'yan mintoci ya shiga, sannan ka goge na waje da tsumma. Man da ke aiki yana ciki, wanda ya rage a waje ƙura kawai yake tarawa. Lokacin hunturu wannan ƙurar in ta haɗu da mai sai ta koma kamar dutsen wasa wuƙa, shi ya sa ba na son a lafta wa cen giris. Tsohon baƙin mai da aka juye daga inji, wanda kowa ke amfani da shi don kyauta ne, ya fi a bar cen a bushe, wannan gaskiya ne. Amma ya tsinke, ba ya zama, kuma yana ɗauke da garin ƙarfe. Kwalbar man giya ɗaya za ta kai ka watanni.

Manyan babura da yawa cen ɗinsu yana da 'yan zobban roba a tsakanin faifan gaɓoɓi, da maiko a kulle a ciki tun daga kamfani. Irin wannan kada fetur ya taɓa shi, kada burushin waya, kada ruwan wankin mota mai ƙarfi. Kananzir da tsumma, sai man da aka yi dominsa.

Littattafan ƙananan babura galibi suna cewa a duba cen a shafa masa mai duk kilomita 500 zuwa 1,000. Ga ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabu wannan kusan duk mako ke nan. Da damina kuwa, duk ranar da ka ratsa ruwa ko laka, ranar ce ranar mai.

Sai maganar murfi. Samari suna cire shi wai babur ya fi kyau, wasu kuma don ya daina ƙara, alhali ƙarar saƙo ce cen ke aikowa. Murfin nan shi ke tsare cen daga yashi, kuma shi ke tsare bakin zani, hijabi da babbar riga daga sufuroket. Duk wanda ke ɗaukar iyalinsa a babur bai kamata a roƙe shi ya mayar da shi ba. Ka toshe 'yar ƙofar awon ma da robarta.

In ajasta ta kai ƙarshe

Ranar da ka ga aksul ya kai tsagar ƙarshe kuma cen yana nan sako-sako, za a ba ka shawarar a cire gaɓa biyu. Zai kai ka gida, ƙila ya kai ka ƙarshen wata, amma gaɓoɓin da suka rage duk sun riga sun ƙara tsawo, ba sa zama daidai cikin haƙora, don haka sufuroket za su ci gaba da ci. Haka ma juya tsohon sufuroket ta baya. In za ka canza, canza ukun tare: cen, babban sufuroket da ƙarami. Sabon cen a kan tsofaffin haƙora ba ya jimawa yake komawa irinsu. Ƙaramin ma ya fi saurin ci, don haƙoransa 14 ko 15 ne, na baya kuwa sun ninka haka fiye da sau biyu, kuma shi ne ɓoyayye da ba a dubawa. Kula da lamba wurin saye: 420 da 428 tazararsu ɗaya amma faɗinsu da kaurinsu daban, ba a haɗa cen ɗin wannan da sufuroket ɗin wancan. Tunda an cire taya, a duba robobin da ke cikin mazaunin sufuroket, in sun murƙushe babur zai ci gaba da fizga ko da cen sabo ne.

Wurin haɗa sabon cen akwai kilif ɗin da ke kulle gaɓar haɗi, siffarsa kamar kifi, kai a rufe, wutsiya a buɗe. Kan ne ke shiga gaba ta inda cen ke tafiya. In gaɓar tana layin sama, kan kilif ya kalli inji, in tana layin ƙasa, ya kalli baya. In aka juya shi, abu kaɗan zai taɓa bakin ya fige shi. Da filaya ake zura shi har ka ji ya faɗa cikin tsagar ƙusoshin biyu, ba da guduma ba.

Sabon cen yakan saki da sauri a kwanakin farko kafin ya zauna. Mayar da ajasta gaba tun kafin ka ɗora shi, ka saita kamar yadda aka bayyana, ka yi zagaye ɗaya a unguwa a hankali kana gwada birki, ka dawo ka taɓa notin aksul da sifana. Bayan kwana biyu ko uku na aiki ka sake kafe babur ɗin ka auna, galibi za ka tarar yana neman fuska ɗaya ko biyu a kowane gefe.